Kada Mu Raina Mai Tuwon Bakin Hanya

 Abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau, wata magana ce da aka yi a ɗakin kwananmu ran da muka komo daga dogon hutu. Bayan sallar lisha muna zaune, kowa yana buɗe akwatinsa ana labarin hanya, sai wani abokinmu ɗan birni ya ce shi tun da ya ke bai taɓa sa abincin tasha a bakinsa ba. Ya ce abincin ƙazamai ne, kuma da shi ne hukuma da ya kori masu tuwon bakin hanya ƙaf, ya bar manyan gidajen abinci masu fanka da kujeru. Aka yi dariya, ni ma na taya su. Amma da aka kashe fitila sai na kasa barci, domin kuwa garin rogon da ke cikin akwatina, da ƙuli-ƙuli, da sabulu, da kuɗin motar da ta kawo ni, duk daga tukunyar mai tuwon bakin hanya suka fito. Na ji kunyar dariyar nan ƙwarai da gaske. To, amsar da na kasa bayarwa a daren nan ita ce zan bayar yau a rubuce.

Ni dai mutumin Gangara ne, cikin Ƙaramar Hukumar Jibiya ta Jihar Katsina. Ga wanda bai san ƙasarmu ba, mu ne a bakin iyakar Nijeriya da Jamhuriyar Nijar. Hanyar mota ta taso daga birnin Katsina ta shigo ƙasar Jibiya, daga Magama, inda ma'aikatan kwastan da na shige da fice su ke, sai ta tsallaka Ɗan Isa ta nufi Maraɗi. Tsakanin Katsina da Maraɗi kusan kilomita 100 ne kawai. A kan wannan hanya goggona, watau ƙanwar babana, ta ke da rumfar sayar da abinci. Ta kafa ta ne bayan rasuwar maigidanta, sa'ad da aka bar ta da 'ya'ya ba gona ba jari. Tun ina firamare na kan je can in yi hutu, ina ɗebo itace, ina wanke kwanuka, ina miƙa wa baƙi ruwa. Saboda haka abin da zan faɗa ba ji na yi ba, gani na yi, kuma an ce gani ya kori ji.

Bari in ba ku labarin yini guda a wurin. Tun kafin kiran assalatu Goggo ta hura murhu. Da gari ya waye akwai koko da ƙosai da waina. Kusa da ita ga teburin mai shayi, ya jera gwangwanayen madara da Bournvita, da burodi, da ƙwai, da Indomie, yana zuba shayi daga wannan kofi zuwa wancan don ya huce, ko ɗigo ba ya zuba ƙasa. Da hantsi a sauke shinkafa da wake, a ci da mai da yaji, ga ɗanwake ga mai so. Da azahar sai tuwon shinkafa ko na masara, da miyar kuka ko ta kuɓewa, wanda ya ke da hali a ɗiga masa man shanu. Matan Fulani suna gefe ɗaya ƙarƙashin inuwa da ƙwaryar fura da nono. La'asar na yi mai tsire ya kafa tukubarsa, ƙamshi ya cika wurin. Masu cin abincin kuwa su ne direbobin manyan motoci da yaransu, da 'yan kamasho, da 'yan canji, da masu baburan haya, da 'yan kasuwa masu zuwa cin kasuwar Jibiya ran Lahadi, da mata masu zuwa biki ko gaisuwar mutuwa a tsallaken iyaka, har da mu 'yan makaranta.

Dalilina na farko da ya sa na ce kada a raina wannan sana'a shi ne, matafiyi ba shi da abin da ya fi ta. Hausawa sun ce da ruwan ciki a ke jan na rijiya. Direban da ya taso daga Kano da kaya, aka tsayar da motarsa a bakin iyaka ana duba takardu, wani lokaci ya kan kwana ya yini bai motsa ba. Ba zai bar mota da kayan mutane ya tafi birni neman babban gidan abinci ba, in ma ya tafi aljihunsa ba zai ɗauka ba. A rumfar Goggo kuwa kowa da daidai ƙarfinsa. Mai kuɗin malmala ɗaya a zuba masa ɗaya, mai son nama a sa masa, wanda ba shi da ko sisi ya ce, "Inna, a yi mini lamuni sai na komo," a zuba masa. Goggo ba ta iya rubutu ba, amma ba ta manta wanda ta ke bi bashi, kuma da wuya a cinye mata. Na sha ganin almajiri ko tsoho mai tafiyar ƙasa ya tsaya, ta kankare masa ƙanzo ta zuba miya, ba ta karɓi kome ba. Ina so abokina ɗan birni ya gaya mini ko a gidan abinci mai fanka ana yin haka.

Wannan kuwa ba sabon abu ba ne a ƙasar Hausa. Malamin tarihinmu ya koya mana cewa tun kafin zuwan mota, fatake su kan bi hanyoyin nan da jakuna da raƙuma, daga Kano da Katsina zuwa Agadas, ko kuwa zuwa Gwanja neman goro. In rana ta yi sanyi sai madugu ya sauke ayari a zango bayan gari. Nan matan gari za su fito da fura da tuwo da dawo su sayar musu, su kuma su sayi gishiri da kanwa a hannunsu. Kalmar zango ma ta bi Hausawa har ƙasar Gana, inda a ke kiran unguwannin baƙi da wannan suna. To, rumfar mai tuwo da teburin mai shayi su ne jikokin wancan zango. Jaki ne kawai ya koma babbar mota, madugu ya koma direba. Wanda ya raina su ya raina sana'ar da ta ciyar da kakanninsa a kan hanya.

Dalilina na biyu shi ne zumunci. Mu da mutanen Maraɗi ɗanjuma ne da ɗanjummai. Bayan da masu jihadi suka ci birnin Katsina a 1807, sarakunan Haɓe suka yi arewa suka kafa mulkinsu a Maraɗi, shi ya sa a ke kiran sarkinsu Sarkin Katsinan Maraɗi. Daga baya ne Turawan Ingila da na Faransa suka zauna suka ja layi a takarda, suka biyo suna kafa alamun iyaka tsakanin 1906 da 1908, aka wayi gari wa yana ƙasa ɗaya, ƙane yana wata. Nijar ta sami mulkin kai ran 3 ga Agusta 1960, Nijeriya kuma ran 1 ga Oktoba na wannan shekara, layin nan dai yana nan. A ofishin iyaka ana tambayar mutum takardunsa da ƙasarsa. A kan bencin mai tuwo kuwa ba mai tambaya. Za ka ga ɗan Madarunfa da ɗan Batsari sun sa hannu a kwano ɗaya, wannan yana cewa lakwal wancan yana cewa makaranta, wannan ya ce duwan wancan ya ce kwastan, suna yi wa juna ba'a ana dariya.

A nan ne ma na koyi lissafin kuɗin Nijar tun ban fara karanta shi a littafi ba. Su a wurinsu dala ɗaya sefa 5 ce, jika kuwa sefa 1,000. In baƙo ya ce, "Inna, zuba mini na dala ɗari," to, sefa 500 ya ke nufi. Goggo ta kan karɓi naira ta karɓi sefa, ta yi canji a ka, ba ta kuskure. Ran da na fara tsallakawa tare da kawuna muka je Maraɗi gaisuwa, na ga nasu salon. Burodinsu dogo ne kamar sanda, mai ɓawo, irin wanda suka gada wurin Faransawa, mai shayi ya tsaga shi ya shafa masa abin da ka ke so. Na ci dambu da zogale, na ci kilishin da ban taɓa cin irinsa ba, na sha shayin 'yar ƙaramar buta wanda a ke dafawa a kan gawayi, a sha zagaye uku, na farko da ɗaci na ƙarshe da zaƙi. Mai abincin da ta ji daga ƙasar Jibiya mu ke sai ta ce wa kawuna, "Ashe 'yan gida ne," ta ƙara mana miya. Gaskiyar masu iya magana da suka ce tafiya mabuɗin ilmi.

Dalilina na uku shi ne yawan bakunan da tukunya ɗaya ta ke ciyarwa. Ku ƙirga tare da ni. Akwai manomin da aka sayi masara da wake a wurinsa, da mai injin niƙa, da mai itace, da ɗan garuwa, da mahauci, da mai kayan miya, da matar da ke tuƙa tuwo ana biyanta, da yaron da ke wanke-wanke. Bayan su ga 'ya'yan mai rumfar, ga kuma irina da a ke aika wa da guzuri a makarantar kwana. Ban san haka sosai ba sai da aka rufe iyaka. A watan Agusta na 2019 Gwamnatin Tarayya ta rufe iyakokin ƙasa domin hana fasa-ƙwauri, musamman na shinkafa. An buɗe waɗansu a Disamba 2020, amma ta Jibiya sai a Afrilu 2022. Ba a daɗe ba kuma sojoji suka yi juyin mulki a Nijar ran 26 ga Yuli 2023, aka sake rufewa har zuwa Maris 2024. Tsofaffi sun ce ko a 1984 an taɓa rufe ta, ba a buɗe ba sai 1986.

Ni yaro ne, ba zan ce gwamnati ba ta da hujjarta ba. Abin da na gani da idona kawai zan faɗa. Motoci suka ɗauke, benci ya zama wurin kwanan awaki. Goggo da ke ɗora manyan tukwane uku ta koma ɗora ƙarama ɗaya, wata rana ma a kwana da saura. Ta sallami matar da ke taya ta tuƙi. Mai shayin da ke kusa da ita ya tattara gwangwanayensa ya tafi ci-rani kudu. A farkon 2023 kuma, lokacin canjin takardun naira, ga mai son ci ga abinci, amma ba tsabar kuɗi a hannun kowa. A wannan zango na komo makaranta da rabin abin da na saba zuwa da shi, sabulu ɗaya na yi ta lallaɓawa har aka yi hutu. To, in rufe hanya na ɗan lokaci ya yi wannan ɓarna, ina ga an kore su baki ɗaya kamar yadda abokina ya ke so?

Sai dai kuma ba zan rufe ido in ce maganarsa ba ta da ƙamshin gaskiya ba. Akwai ƙazanta a wurare da yawa, kuma ƙazantar nan tana kisa. Bara, muna komowa makaranta ni da wani ɗan ajinmu, motarmu ta lalace a wata tasha da ba zan ambaci sunanta ba. Yunwa ta kama mu. Muka sami wata mai shinkafa, abincin ya huce tun safe, a buɗe, ƙudaje suna sauka suna tashi, ga kwata a bayan rumfar. Ni na sayi burodi kawai, shi kuwa ya ci, ya kora da ruwan randa da modar da kowa ke tsomawa. Kafin asuba amai da gudawa suka kama shi, har idanunsa suka faɗa. Da malamin da ke kula da ɗakin kwananmu bai yi hanzarin kai shi asibiti an ƙara masa ruwa ba, da wani labarin a ke yi yanzu. Jarrabawar gwaji ta farkon zango ma ba da shi aka yi ba.

A darasin kiwon lafiya an koya mana cewa ƙwayoyin cutar kwalara da na taifot ta ruwa da abincin da najasa ta taɓa su ke shiga cikin mutum, ko ta hannun da ba a wanke ba, ko ta ƙafar ƙuda. Tun a 1854 wani likita mai suna John Snow ya gano cewa famfon unguwa ɗaya ne ke yaɗa kwalara a birnin Landan, aka cire hannun famfon. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2015 cewa kowace shekara mutum miliyan 600 ne ke kamuwa da ciwo saboda gurɓataccen abinci, 420,000 daga cikinsu su mutu, kuma nahiyarmu ta Afirka ce ta fi shan wahalar. Ba sai mun je nesa ba. A Yuli 2018 kwalara ta ɓarke a gundumar Madarunfa, maƙwabtanmu na tsallaken iyaka. A 2021 kuma ta game jihohin Nijeriya da yawa, har da tamu, aka ƙirga fiye da mutum 100,000 da a ke zaton sun kamu, fiye da 3,000 suka rasu. Ita cuta ba ta tsayawa a Magama a buga mata hatimi, kuma rumfar da mutanen ƙasa biyu ke ci a cikinta tana iya raba musu ciwo kamar yadda ta ke raba musu tuwo.

Har rumfar Goggo ban ce ba ta da laifi ba. Ita tana rufe abincinta, tana share wurinta, amma na lura baho ɗaya na ruwa a ke wanke kwanuka da shi tun azahar har la'asar, sai ya yi kauri. Haka kuma kwano ɗaya a ke ajiyewa kowa ya tsoma hannu ya wanke, na ƙarshe dauɗar na farko ya ke shafawa. Hutun da ya wuce na yi ƙarfin hali na ce, "Goggo, ruwan nan ya kamata a riƙa sake shi." Ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, ka san nawa 'yan garuwa ke sayar da jarka yau? In na sake ruwa sau goma, da me zan aika maka makaranta?" Na rasa abin da zan ce. A nan na gane cewa yawancin abin da mu ke kira ƙazanta, rashin ruwa ne tushensa. Abin mamaki kuwa, ga madatsar ruwan Jibiya nan a kan kogin Gada, kogin da ke wucewa Nijar a kira shi Gulbin Maraɗi. Ruwa yana kusa, amma mai tuwo da jarka ta ke sayensa.

Akwai kuma laifi na biyu wanda ya fi ci mini rai, watau maganar 'yan mata masu talla da masu miƙa abinci. 'Yar Goggo sa'ata ce, aji ɗaya muka yi a firamare, kuma wallahi ta fi ni lissafi. Ni ga ni a sakandare, ita kuwa tana rumfa tana ɗaukar kwanuka tun safe har dare, tana jin maganganun da bai kamata yarinya ta ji ba daga bakin waɗansu marasa kunya. Dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun shekara tara na farko kyauta ne kuma tilas ne ga kowane yaro, mace ko namiji. Amma da ba ta tsaya a rumfa ba, sai an ɗauki mai aiki an biya, abin da za a biya kuwa shi ne guzurina. Kullum na buɗe akwatina sai na tuna da haka. Duk wanda zai yabi abincin bakin hanya, kamar yadda na ke yi, lalle ne ya faɗi wannan ma.

To, mene ne abin yi? A ganina gyara ya kamata, domin kora ba ta maganin kome. In an kore su daga bakin titi za su koma lungu ne, inda ba mai ganin abin da su ke yi, matafiyi kuma dole ya bi su can. Akwai wata ƙaramar ƙasa a nahiyar Asiya mai suna Singafo, wadda a da titunanta ke cike da masu sayar da abinci cikin ƙazanta. Gwamnatinsu ta rubuta sunayensu ta ba su lasin, daga 1971 kuma ta shiga gina musu rumfuna na musamman masu ruwan famfo da magudana da wurin zubar da shara, ana zagayawa ana duba su. A 2020 hukumar UNESCO ta sa wannan al'ada tasu ta cin abinci cikin jerin al'adun da duniya ke alfahari da su. Ban ce Jibiya za ta zama Singafo gobe ba. Amma rijiyar burtsatse ɗaya, da famfo, da masai mai tsabta, da magudanar ruwa a inda masu abinci suka taru, ba su fi ƙarfin ƙaramar hukuma ba.

Ina kuma roƙon a ƙarfafa aikin duba-gari. Kakata ta ce a zamaninsu in aka ce ga duba-gari nan, kowace mace sai ta leƙa randarta ta share tsakar gidanta. Irin wannan mu ke so, amma wanda zai zo ya koyar kafin ya ci tara, ba wanda zai miƙa hannu a sa masa wani abu ya wuce ba. Su ma masu abincin ya kamata su haɗa kai su yi ƙungiya, ko da irin ta adashi ce, su sayi ruwa da yawa a tare ya zo musu da sauƙi, su kuma sa wa junansu doka cewa ba yarinyar da za ta yi aiki a rumfa lokacin makaranta. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Bugu da ƙari, a Fabrairu 2021 an ƙaddamar da aikin hanyar jirgin ƙasa daga Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wadda aka tsara za ta bi ta Katsina da Jibiya. Ina kira ga masu wannan aiki da su tuna da matan nan, su ware musu wuri mai ruwa a tashar jirgi, kada a ba manyan 'yan kasuwa kaɗai a bar waɗanda suka daɗe suna ciyar da matafiya a bayan shinge.

Mu ɗalibai ma muna da namu aikin, tun da yawancinmu sau shida a shekara mu ke hawa hanya, zuwa da komowa. Ga abin da na koya, daga aji da kuma daga rumfa. In ka sauka a tasha, duba inda direbobi suka fi taruwa, domin su ne suka san hanya, kuma abincin da a ke rububinsa ba ya daɗewa balle ya lalace. Ka sayi abin da aka sauke yanzu yana tururi, ko wanda aka soya a gabanka. Masana sun ce dafaffen abinci bai kamata ya wuce awa biyu a ajiye ba tare da wuta ko sanyin firiji ba, balle a irin zafin ƙasarmu. Ka guji kwaɗo da ɗanyen ganye in ba ka san ruwan da aka wanke su ba. Kada ka tsoma hannu a kwanon wanke hannu na kowa da kowa, ka sa a zuba maka da buta, ka yi amfani da sabulu, in babu ko toka ce. Ka riƙe ruwan shanka tun daga gida. In kuwa tsautsayi ya sa gudawa ta kama wani, a dama ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri cikin lita ɗaya ta tsabtataccen ruwa, a riƙa ba shi yana kurɓa, a hanzarta kai shi asibiti. Rigakafi dai ya fi magani.

Ni kuwa ga abin da na yi da ɗan ƙarfina. Na tara abin da ya rage mini na kuɗin kashewa, na saya wa Goggo bokiti mai famfo, irin wanda aka riƙa ajiyewa a ƙofar makarantu lokacin annobar korona a 2020, da sabulu sanda ɗaya. Da farko ta ce ɓarnar kuɗi ce irin ta 'yan boko. Bayan kwana biyu ta ga ruwan da a ke kashewa bai kai yadda ta zata ba, tun da kaɗan-kaɗan ya ke zuba, har wani direba ya ce mata, "Inna, yau kuma ci gaba aka samu?" Yanzu ita da kanta ke cewa baƙo ya wanke hannu kafin ta miƙa masa kwano. Maganar bahon wanke-wanke har yanzu ba mu gama ta ba. Maganar karatun 'yarta kuwa na kai ta gaban babana, ya ce zai zauna da ƙanwarsa su duba. Ina nan ina jira, kuma na ƙudura ba zan bar maganar ta mutu ba.

Daga ƙarshe, ina gayyatar abokina ɗan birni, wanda na san zai karanta wannan, ya biyo ni hutu mai zuwa in Allah Ya kai mu. Zan kai shi rumfar Goggo ya zauna a benci tsakanin ɗan Maraɗi da ɗan Katsina, ya wanke hannu a sabon bokiti, a zuba masa tuwon shinkafa da miyar kuka da man shanu yana tururi. In ya ci ya ƙoshi, sai mu sake muhawarar. Ku kuma sauran 'yan'uwa, watakila cikinku akwai da yawa irina waɗanda ƙosai ko waina ko tuwon sayarwa ke riƙe da karatunsu, suna ɓoyewa don kada a yi musu dariya. Kada mu ƙara jin kunyar wannan. Mu yi karatu da himma, domin wata rana a cikinmu za a sami likita da duba-gari da shugaban ƙaramar hukuma, mu koma mu kai wa iyayen nan namu ruwa da tsabta, mu sa ƙannenmu mata a aji. Allah Ya kiyaye matafiya, Ya zaunar da ƙasashenmu biyu lafiya, Ya sa albarka a sana'ar iyayenmu, amin.

Daga wani ɗalibi ɗan Gangara,
Aji Biyu na Babbar Sakandare.